Alhasan Ibnul Haisam: Malamin da Ya Bi Sawun Haske Daga Iska Zuwa Cikin Ruwa

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Isa a nan Yamai, lokacin da ruwa ya kwanta ya yi garau, ya ga matuƙin kwale-kwale ya soka gorarsa cikin ruwa, to ya ga gorar kamar ta karye daidai inda ta shiga. Da an zaro ta kuwa sai a gan ta miƙe sumul. Haka ludayi yake yi cikin ƙwaryar ruwa a gidajenmu. Ido ya ce ta karye, hannu ya shafa ya ce lafiyarta lau. Yawancinmu mukan gani mu wuce. Amma kimanin shekara 1000 da suka shige an yi wani malami Musulmi da ya ƙi wucewa, ya zauna ya auna abin nan har ya gano dokokinsa. Tarihinsa ne muka kawo muku a wannan fitowa, domin abin da ya gano ya taɓa lokacin sallarmu ta magariba, da buɗe-bakinmu, da ganin jinjirin watanmu.

Haihuwarsa da zamaninsa

Sunansa Abu Aliyu Alhasan ɗan Alhasan ɗan Haisam. An haife shi a birnin Basara ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 354 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 965 Miladiyya. Basara kuwa tun zamanin Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, aka kafa ta, kuma a cikinta Hasanul Basari ya yi wa'azi, a cikinta Halilu ɗan Ahmad ya karantar da Sibawaihi nahawu. Lokacin da Ibnul Haisam ya taso halifancin Abbasiyawa a Bagadaza ya riga ya raunana, iko yana hannun sarakunan Buwaihiyawa, amma duk da haka kasuwar ilimi tana ci. Littattafan Yunanawa na lissafi da na taurari da na likitanci an daɗe da juya su zuwa Larabci, ana kwafarsu ana sayarwa a rumfunan masu takarda.

A cikin wannan yanayi ya karanci littafin Uƙlidis na handasa, watau ilimin awon layuka da kusurwoyi da da'irori. Ya karanci Batlimus a kan tafiyar taurari, da Jalinus a kan ƙirar ido, da Arisɗo a kan ɗabi'ar halittu. Ya ƙware a lissafi har sunansa ya ƙetare Iraƙi ya kai Masar.

Alkawarin kogin Nilu

Mai mulkin Masar a wancan lokaci shi ne Alhakim bi Amrillahi, na daular Faɗimiyyawa, wanda ya hau gadon mulki a shekara ta 996. An san shi da son malamai, shi ne ma ya buɗe Darul Ilmi a Alƙahira a shekara ta 1005. An kuma san shi da saurin zubar da jinin ma'aikatansa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Malamin tarihi Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, ya ruwaito cewa labari ya kai kunnen Alhakim wai akwai wani masanin handasa a Iraƙi da yake faɗin da yana Masar da ya yi wa Nilu wani aiki wanda zai sa a amfana da ruwansa ko ya cika ko ya janye. Mu da muke zaune a bakin kogi mun san nauyin wannan magana, domin mun ga shekarar da ruwa ya ci gidaje da gonakin shinkafa, mun kuma ga shekarar da ya janye har ana takawa da ƙafa. Sarki ya aika masa da dukiya, ya kira shi, ya fito da kansa ya tarye shi a wani ƙauye da ake kira Handaƙ a bayan gari. Sa'an nan ya haɗa shi da magina da ma'aikata, suka bi kogin suka yi kudu.

Tun a hanya jikinsa ya fara yin sanyi, saboda ya ga manyan gine-ginen mutanen dā, ya lura da ƙwarewarsu a awo da sassaƙar dutse, ya ce a ransa da abin mai yiwuwa ne da waɗannan sun riga shi. Da ya isa wurin da ake kira Janadil, kudu da Aswan, inda ruwa ke gangarowa ta tsakanin duwatsu, ya duba gaɓa da gaɓa ya auna, sai ya tabbata cewa abin da ya tsara a takarda ba zai zauna a ƙasa ba. Ya komo ya shaida wa sarki gaskiya, ya ba da hanzarinsa. Da ya so, da ya fara gini ya yi ta cin dukiyar baitulmali shekara da shekaru kafin asirinsa ya tonu. Ya zaɓi ya ji kunya a gaban sarki mai kisa. Madatsar ruwa ta farko a Aswan sai a 1902 aka gama ta, babbar kuwa sai a 1970, da injuna da ƙarfe da siminti waɗanda babu su a zamaninsa.

Alhakim ya karɓi hanzarin a zahiri, ya ba shi wani muƙami a ofisoshin mulki. Ibnul Haisam ya karɓa don tsoro, sa'an nan ya ga ba shi da mafita daga hannun wannan sarki sai ya nuna taɓin hankali. Aka ƙwace dukiyarsa aka ajiye, aka tsare shi a gidansa, aka sa masu gadi. Haka ya zauna har Alhakim ya ɓace a shekara ta 411 bayan Hijira, watau 1021. Daga nan ya bayyana lafiyarsa, aka mayar masa da kayansa, ya tare a wata ƴar ƙubba da ke ƙofar masallacin Azhar. Bai sake neman muƙami ba. Ibnul Ƙifɗi ya ce kowace shekara yakan kwafi littafin Uƙlidis da babban littafin Batlimus na taurari da wasu matsakaitan littattafan lissafi da hannunsa, a saya dinari 150, wannan ne abincinsa na shekara. Sauran lokacinsa duk na nazari ne da rubutu.

Yadda ido yake gani

Mafi girman abin da ya rubuta shi ne Kitabul Manazir, littafin ilimin gani, mai maƙala bakwai. Kafin zuwansa masana sun rabu. Masu lissafi, mabiya Uƙlidis da Batlimus, suna cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo, kamar yadda makaho ke taɓa hanya da sandarsa. Masu falsafa kuwa suna cewa siffar abu ce ke zuwa ta shiga ido, amma sun kasa bayyana yadda siffar dutse ko ta raƙumi za ta shiga ta ƴar ƙaramar kafa.

Ibnul Haisam ya kafa hujja da abin da kowa zai iya jarrabawa. Wanda ya kalli rana idonsa yakan yi zafi, wanda kuma ya daɗe yana kallon abu mai tsananin haske, in ya juya zuwa duhu sai ya ci gaba da ganin alamarsa. Wannan ya nuna wani abu ne daga waje yake shigowa ya yi wa ido tasiri. Ya bayyana cewa kowane ɗigo na jikin abin da haske ya sauka a kansa yana watsa haske ta kowace fuska a kan miƙaƙƙun layuka, ido kuma yana karɓar rabonsa a jere, ɗigo da ɗigo, daga nan saƙon ya wuce ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, inda hankali ke yanke hukunci a kan nisa da girma da kama.

Don ya tabbatar da miƙewar haske, ya jera fitilu a wajen wani ɗaki mai duhu wanda aka huda wa kafa ɗaya. Kowace fitila ta jefa nata haske a bangon ciki, a gefen da ke daura da ita. In ya rufe fitila ɗaya sai haskenta kaɗai ya ɓace, in ya buɗe ya dawo, alhali duk ta kafa ɗaya suke shiga ba su cakuɗe ba. Irin wannan gwaji shi yake kira i'itibari, kuma ba ya yarda da wata magana a kan haske sai ta bi ta wannan ƙofa. A kan wannan ɗaki mai duhu aka gina na'urar ɗaukar hoto daga baya.

Yadda haske yake karkata

Maƙala ta bakwai ita ce ta yi magana a kan gorar matuƙinmu. Ya kira abin da suna in'iɗafi, watau karkatar da haske ke yi sa'ad da ya bar wani jiki mai garau ya shiga wani, kamar daga iska zuwa ruwa, ko daga iska zuwa gilashi, ko daga gilashi zuwa ruwa.

Ya sa aka ƙera masa faranti mai zagaye na tagulla, mai baki a tashe, aka tsaga bakin da alamomin daraja, kasancewar kowace da'ira daraja 360 ce. Aka huda ƴar kafa a bakin, aka huda wata a jikin wani ɗan ƙarfe da aka kafa tsakanin bakin da tsakiyar farantin, ta yadda siririn haske zai bi ta kafofin biyu ya faɗa daidai tsakiya. Sai ya tsayar da farantin cikin mazubi, ya zuba ruwa har ya kai tsakiya, ya bar hasken rana ya shiga, ya duba inda ya sauka a bakin da ke cikin ruwa. Ya riƙa juya farantin yana sake awo, sa'an nan ya maimaita da guntayen gilashi da aka sassaƙa.

Ga abin da ya tabbatar. Mu ƙaddara akwai wani layi da ya tsaya ƙiƙam a kan fuskar ruwa daidai inda haske ya shiga, mu kira shi layin tsaye. Hasken da ya biyo wannan layi yana wucewa kai tsaye, ba ya karkata. Wanda ya zo a karkace daga iska ya shiga ruwa ko gilashi yana lanƙwasowa zuwa wajen layin tsaye. Wanda ya fito daga ruwa zuwa iska yana nisantar layin. Gwargwadon yadda hasken ya kwanta wajen shigarsa, gwargwadon yawan karkatarsa. Kuma hasken da ya shiga da wanda ya karkata da layin tsayen duk a shimfiɗa ɗaya suke, kamar an zana su a fuskar allo guda.

Game da dalili kuwa, ya ce haske tafiya yake yi, tafiyar tana cin lokaci ko da ido bai iya riskarsa ba, kuma jiki mai kauri kamar ruwa yana rage masa gudu fiye da iska. Ya buga misali da dunƙulen ƙarfe da aka jefi siririn allo da shi: in ya zo kai tsaye sai ya fasa ya wuce, in ya zo a karkace da ƙarfi iri ɗaya sai ya goce. Malaman makaranta na yanzu sukan ba da wani misali da ya fi kusa da mu. Amalanken da ya sauka daga kwalta ya shiga yashi a karkace, ƙafarsa ɗaya takan riga shiga ta rage gudu alhali ɗayar tana kan kwalta, sai amalanken ya juya da kansa.

Maganarsa ta cewa haske ya fi jinkiri a ruwa ta jira fiye da shekara 800 kafin a iya auna ta. A 1850 ne masanin Faransa Fuko ya tabbatar da ita da na'ura. Yau an san haske yana cin kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya a sarari, kimanin 225,000 a cikin ruwa, kimanin 200,000 a cikin gilashi. Hasken da ya shiga ruwa da nisan daraja 30 daga layin tsaye yana komawa daraja 22, wanda ya shiga da 60 yana komawa kusan 41.

To, ga asirin gora. Hasken da ya taso daga ɓangarenta na cikin ruwa yana karkata wajen fitowa, ido kuwa ya saba ɗaukar cewa haske a miƙe yake zuwa, sai ya ajiye wannan ɓangare sama da inda yake. Kowa yana iya gwadawa a gida. A sa tsabar dala biyar a gindin kwano, mutum ya ja da baya har bakin kwanon ya ɓoye ta, sa'an nan wani ya zuba ruwa a hankali. Kuɗin zai bayyana alhali ba su motsa ba. Saboda haka ne sarkawa masu sukar kifi da mashi suke saita shi ƙasa da inda suka ga kifin. Saboda haka ne kuma ruwa mai zurfin mita 4 yake bayyana kamar mita 3 ga mai leƙawa daga sama, ga wanda ke hange daga gaɓa kuwa ya fi haka kama da marar zurfi. Iyaye su faɗa wa yaransu masu zuwa wanka kogi da tafkuna cewa ganin gindin ruwa ba ya nuna ƙafa za ta kai.

Abin da ya kuɓuce masa

Ba za mu yi masa adalci ba in muka jingina masa abin da bai yi ba, domin shi kansa ya rubuta littafi sukutum a kan kurakuran Batlimus, inda ya nuna cewa mai neman gaskiya wajibi ne ya tuhumi abin da ya karanta daga magabata, ya kuma tuhumi kansa don kada son rai ya rinjaye shi. Ibnul Haisam ya tsara dokokin karkatar haske, amma bai fitar da ƙa'idar lissafi guda wadda za a san kowace kusurwa da ita ba. Wanda ya riga kowa kai wa gare ta shi ne Abu Sa'adu Al'ala'u ɗan Sahal, masanin lissafi a Bagadaza, cikin littafinsa na madubai da gilasai masu ƙona abu da hasken rana, wajen shekara ta 984. Takardun littafin sun warwatse, wani sashe a Dimashƙa wani a Tehran, har sai da masani ɗan Masar Rushdi Rashid ya haɗa su ya bayyana wa duniya a 1990. Kafin nan ana jingina ƙa'idar ga Sinel na ƙasar Holan, wanda ya gano ta a 1621, da Dekart na Faransa, wanda ya buga ta a 1637.

Haka nan ya zaci cewa ƙwayar nan mai garau da ke tsakiyar ido ita ce mai jin haske. Kefla na Jamus ya nuna a 1604 cewa aikinta karkatar da haske ne kawai, ta tattara shi a bangon bayan ido. A kan wannan ne aikin tabarau ya dogara, da aikin likitocin da ke cire yanar ido su sa wata ƙwaya a madadinta. Bayaninsa na bakan gizo ma bai dace ba. Wanda ya gyara shi ne Kamaluddini Alfarisi, wanda ya rasu wajen 1319, almajirin Ƙuɗubuddini Asshirazi a Tabriz. Shi ya yi wa Kitabul Manazir sharhi mai suna Tanƙihul Manazir. Ya cika ƙwallon gilashi da ruwa a matsayin ɗigon ruwan sama, ya sa shi cikin ɗaki mai duhu, ya ga haske yana karkata wajen shiga, ya bugi bangon baya ya juyo, ya sake karkata wajen fita. Shi ya sa in an yi ruwa da la'asar muke ganin bakan gizo a gabas, rana tana bayanmu. Da makamin malamin aka gyara kuskuren malamin.

Abin da ya shafi ibadarmu

Iskar da ta lulluɓe duniya ita ma jiki ce mai garau, ta fi kauri a kusa da ƙasa. Ibnul Haisam ya nuna da awon taurari cewa haskensu yana karkata sa'ad da ya shigo cikinta, har tauraron da ke kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa yakan bayyana sama da matsayinsa. Awon zamani ya nuna wannan ɗagawa ta kai kimanin rabin daraja da ɗan ɗori, faɗin rana a idonmu kuwa kimanin rabin daraja ne. Ma'ana, sa'ad da muka tsaya a kan gadar Kennedy muka ga gindin rana ya taɓa ƙasa, a lissafin miƙaƙƙen layi ta riga ta nutse gaba ɗaya, iska ce ta lanƙwaso mana haskenta. A ƙasarmu wannan yana ƙara wa yini minti biyu da ƴan daƙiƙu da yamma, da kwatankwacinsu da safe. Shi ne kuma dalilin da ya sa rana takan yi kamar an danne ta dab da faɗuwa, domin gindinta ya fi samanta ɗaguwa.

Shari'a ta rataya magariba da buɗe-baki ga ɓacewar ƙwayar rana ga mai kallo, masu tsara jadawalin salla kuma suna sa wannan karkata cikin lissafinsu. Don haka babu mai cewa rana ta faɗi a lissafi ya sha ruwa alhali yana ganin ta. Wani abin kula kuma shi ne lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke haɗiye rana tun tana sama. Wannan ɓacewa ba faɗuwa ba ce. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umaru ya buɗe baki a wata rana mai gajimare yana zaton rana ta faɗi, sai aka zo aka ce masa ta bayyana, kuma Malik ya fahimci cewa ramuwar yinin ta wajaba. Ladanai su riƙe jadawali ingantacce da agogo mai kyau a irin waɗannan ranaku.

Kawalwalniyar da matafiyi ke gani da tsakar rana a hanyar Doso, kamar ruwa ya kwanta a kan kwalta, ita ma daga wannan babi take. Iskar da ke dab da ƙasa mai zafi ta fi ta samanta sauƙi, sai hasken da ya gangaro daga sama ya lanƙwashe ya hau zuwa ido, mutum ya ga hoton sama a ƙasa ya zaci ruwa ne. Allah Ya buga misali da ita a Suratun Nur, aya ta 39, game da ayyukan da mai su yake sa rai da su alhali ba su da tushe.

Sai maganar wata. Kowa ya lura cewa wata ɗan daren sha huɗu yakan yi girma sa'ad da yake fitowa, ya ƙanƙance in ya hau. Ibnul Haisam ya bayyana cewa asalin wannan daga hukuncin hankali yake, domin mutum yana ɗaukar gefen sama ya fi tsakiyarta nisa, sai ya ƙiyasta abin da ke can ya fi girma. Wanda ya miƙa hannu ya auna wata da ƙwayar gyaɗa a lokutan biyu zai tarar girmansa ɗaya ne. A maƙala ta uku ya lissafa sharuɗɗa takwas waɗanda in ɗaya ya fita daga matsakaici ido yakan yi kuskure: nisan abu, da matsayinsa daga ido, da ƙarfin haske, da girman abin, da kaurinsa, da tsabtar iskar da ke tsakani, da isasshen lokacin kallo, da lafiyar idon kansa.

Mu ɗora jinjirin wata na daren farko a kan wannan ma'auni. Siriri ne, haskensa rarrauna ne cikin jan shafaƙi, yana ƙasa inda ƙura ta fi yawa, kuma ƴan mintoci yake yi ya faɗi. Kusan duk sharuɗɗan sun taru a kansa. Saboda haka mutumin kirki, mai gaskiya, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, yana iya ganin zaren gajimare ko ƙyallin tauraruwar Zahra ya rantse wata ya gani. Mun sha ganin shekarun da gari ya rabu biyu, wani gida ana salla maƙwabcinsa yana azumi. Hukuncin tsayuwar wata na malamai ne da hukumar da aka ɗora wa alhakinsa, amma tambayar mai shaida a ina ya gani, da ƙarfe nawa, ina ƙahonin suka fuskanta, da tambayar masana ko a wannan dare wata ya riga rana faɗuwa, ba cin mutuncin kowa ba ne. Tabbatar da labari kafin aiki da shi umurni ne da ya zo a Suratul Hujurati.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ibnul Haisam ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 1040, jim kaɗan bayan 430 ta Hijira, yana da shekara kamar 75. An lissafa masa rubuce-rubuce kusan 100, fiye da 50 sun iso gare mu. A cikinsu akwai na hasken wata, da na siffar husufin rana, da na madubai masu ƙonawa, da na fitar da alƙibla ta hanyar lissafi. Da irin wannan lissafi ne aka san cewa alƙiblar Yamai tana karkata daga gabas zuwa arewa da kimanin daraja 18.

An juya Kitabul Manazir zuwa Latin wajen shekara ta 1200, aka buga shi a birnin Basel a 1572, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatunsa. Sunan da suke kiransa da shi, Alhazen, shi ne dai Alhasan ɗin da muke raɗa wa ƴaƴanmu. Sun sa wa wani rami a jikin wata wannan suna. Asalin Larabcin kuwa ya daɗe kwance a ɗakunan ajiyar littattafai na Istanbul, sai a 1983 masani Abdulhamid Sabra ya buga maƙaloli uku na farko a Kuwaiti. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar ga haske, aka tuna da cikar littafin shekara 1000.

Mu ma a ƙasar nan an yi wanda ya bi wannan sawu. Marigayi Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya rasu a 1991, ya ƙare rayuwarsa yana binciken yadda za a tattara hasken rana a dumama ruwa a dafa abinci da shi, kuma sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi. Har yanzu a cikinmu akwai uban da yake ganin in ɗansa ya karanci lissafi da kimiyya ya bar hanyar malamai, akwai kuma ɗan lakkol da yake ganin wanda ya zauna gaban malam da allo ba shi da rabo a ilimin zamani. Dukansu biyu su dubi wannan bawan Allah da ya zauna a ƙofar Azhar yana cin guminsa da alƙalami, yana auna haske da farantin tagulla. Masallatanmu suna bukatar mai fitar da alƙibla da mai tsara jadawalin salla da mai tantance shaidar ganin wata, asibitocinmu suna bukatar likitan ido, kuma daga cikin yaran da ke zaune a sahun baya ranar Juma'a za su fito, in mun tura su mun kuma biya musu.

Allah Ya jiƙan Alhasan ɗan Haisam, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri a kan abin da ya bar wa al'umma. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya haɗa kanmu a kan azuminmu da sallarmu, Ya sa albarka a karatun ƴaƴanmu. Amin.